Ƙasar Gindin Sanya

Mahaifina wanzami ne, kuma ni ce 'yarsa ta fari. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce "Uwata". Ko faɗa zai yi mini da haka yake farawa, saboda haka faɗan bai taɓa shiga jikina yadda ya kamata ba. Wataƙila da gatsal yake kirana kamar sauran ƙannena, da na fi haka jin magana.

Ƙauyenmu yana gefen Gafasa, a ƙasar Ajingi. Ni kuwa aure ya kawo ni Gaya, inda nake koyarwa a firamare. Wata ranar Asabar cikin bazara ina wanki a tsakar gida sai na ji sallamarsa. Mai babur ne ya sauke shi a ƙofar gida, shi da wani rabin buhu mai nauyin tsiya. Na ɗauka gero ne ko wake, har na fara godiya. Da na kwance bakin buhun sai na ga ƙasa.

"Baba, ƙasa ce fa."

"Na sani, ai ni na ɗebo."

"Daga Ajingi har Gaya? An ce maka ƙasa ta ƙare a garin nan?"

Ya zauna a kan tabarma, ya miƙe ƙafafunsa da ƙyar saboda ciwon gwiwa, ya sha ruwa. Sannan ya zaro wani ƙullin tsumma daga zabirarsa ta aski, ya kwance shi a hankali kamar mai kwance cibiyar jariri. Wasu busassun 'ya'yan itace ne a ciki, kowanne da fiffike ɗaya irin na fara. Na gane su nan take, domin mun yi wasa da irinsu muna yara, mu cilla sama su sauko suna juyi. 'Ya'yan sanya ne.

A iyakar gonarmu, a kan jigawa, akwai bishiyar sanya guda ɗaya da muka tashi muka gani. Masu magani suna ji da saiwarta ƙwarai, kuma rabin abin da ke cikin zabirar Baba da ita ake haɗawa. Shi idan zai ɗiba, gefe ɗaya yake tonawa, ya yanki kaɗan, ya mayar da ƙasa ya danne da ƙafa, kuma ba zai sake taɓa wannan gefen ba sai shekara ta zagayo. Yakan ce lokacin ƙuruciyarsa, daga ƙauyenmu zuwa Toranke, ba ka tafiya mai nisa ba ka ga furenta ba. Gonaki suka yi ta faɗi, masu tonon saiwa suka yi ta cika buhuna suna kaiwa kasuwa, har ya zama tamu ce kaɗai ya sani a tsaye.

"Sun zo mata," in ji shi. "Kwana huɗu na yi ban je gona ba saboda ƙafar nan. Da na je na tarar sun zagaye ta da rami kamar masu haƙar rijiya. Ta kwanta, Uwata. Waɗannan su ne na tsinta a jikinta masu ƙwaya, ashirin da biyu."

Na yi salati, na zagi waɗanda suka yi aikin har sai da ya ɗaga mini hannu. Ya ce a gida awaki ba za su bar tsiro ba, kuma rijiyar unguwa ta ja baya. Ƙannena maza duk suna Kano, ba wanda ya ɗauki aska balle ya damu da itace. Ni ce mai katanga da famfo. Yana so in rene su har ruwa ya zauna, sannan ya zo ya kwashe su ya mayar gona.

Daga nan ya shiga bayani, ni kuma na shiga gyaɗa kai. Ƙasar buhun daga gindin uwar ya ɗebo ta, ya gauraya da ƙasar tsohon shuri kaɗan. A cikinta kawai zan shuka, ba taki ko na cokali ɗaya. In nemi mazubi mai zurfi wanda gindinsa ya huje, kamar tsohon tulu, saboda sanya ƙasa take fara nufa kafin ta nufi sama. Kada in ajiye su a rana tsagwaronta, kada kuma in kai su ƙarƙashin itace mai duhu. In kafa musu tsohuwar zana wadda ta fara zubewa, yadda rana za ta riƙa yayyafo musu. Ruwa kuwa sai ƙasar ta bushe an ji da yatsa, kamar bayan kwana uku.

"Kin ji ko?"

"Na ji, Baba. Ni fa nake koya wa yara shuka a makaranta."

"Wake kike koya musu," in ji shi.

Wannan maganar ce ta tsaya mini a wuya. Ni mutum ce da ba na son a gaya mini abu sau biyu, balle a nuna kamar ban san aikina ba. Na yi kwalejin horon malamai, na rubuta a allo ba sau ɗaya ba cewa tsiro yana son baƙar ƙasa da taki da ruwa. Kuma duk unguwarmu an san hannuna da albarka. A bayan madafata, inda ruwan wanke-wanke yake bi ya fita, akwai wani lungu mai baƙar ƙasa a ƙarƙashin mangwaro. Duk matar da ta yi zaman gida ta san irin wannan wurin, abin da ka jefa sai ya fito. Nan zogalena yake, da gwanda, da na'ana'a. Na dubi ƙasar Baba, fara fat, tana zuba ta tsakanin yatsu, na ce a raina me tsiro zai ci a cikin wannan? Iri ashirin da biyu ne suka rage a duniyarmu, sannan in ba su abincin yunwa?

Ba zan ce mugunta ce ba. Yadda ake yi wa babban baƙo na yi musu. Na ɗebi baƙar ƙasar lungun, na aika aka samo mini kashin shanu mai kyau, na cakuɗa, na cika ƙananan ledoji irin na masu sayar da dashe a bakin titi. Na jera su a gindin mangwaro inda rana ba ta taɓa ƙasa ko da azahar. Safe da yamma ina ba su ruwa, wani lokacin har da rana idan na ga zafi ya yi yawa. Buhun Baba kuwa na jingine shi a zaure, da niyyar in ya zo in nuna masa sakamako tukuna, sannan mu yi dariya tare.

Bayan mako biyu ƙanwar maigidana ta haihu, aka ɗora mini suyar gyaɗar suna. Duk mai suyar gyaɗa ta san rabin aikin yashi ne. Idan yashin ya yi tsakuwa gyaɗar ta ƙone gefe ɗaya, idan ya yi laka ta yi datti. Ina cikin tunanin inda zan samo mai kyau sai idona ya faɗa kan buhun da ke zaure. Na sa rariya na tankaɗe shi. Guntayen ganye da ruɓaɓɓun saiwoyi da ƙananan dunƙulen shuri da suka rage a rariyar na watsar a bola. Abin da ya sauka lallausan yashi ne, wanda ban taɓa suya da irinsa ba. Kwana biyu muna suya da shi har ya koma baƙi, aka zubar a kwata. Gyaɗa ta yi kyau, kowa yana tambayar wa ta soya. Har na ƙulla leda guda na ba wani mai zuwa Ajingi ya kai wa Baba.

Cikin mako na huɗu tara suka tsiro. Na yi guɗa ni kaɗai a bayan madafa. Na kira Baba a ƙaramar wayarsa, ina magana da ƙarfi saboda kunnensa.

"Tara, Baba! Kore shar da su!"

"Alhamdulillahi. Tara a cikin ashirin da biyu ai an yi arziki, sanya ba ta da saurin yarda. Ƙasar ta ishe ki?"

"Ta isa har ta yi saura."

Haka ta fita daga bakina, sumul, ba ko gargada. Na ce a raina ai ba komai, tunda ga su nan suna girma.

Kuma sun yi girman, sai dai wani iri. Sun yi tsawo da sauri, sirara kamar tsinken tsintsiya, duk sun karkata wuya gefe ɗaya suna neman inda haske yake. Ganyen ya fara komawa ruwan ɗorawa. Na ce yunwa ce, na ƙara taki. Wata safiya na tarar biyu sun kwanta, daidai inda kara ya haɗu da ƙasa ya yi baƙi ya tsuke kamar an ɗaure da zare. Na ce zafi ne, na ƙara ruwa. Bayan kwana uku wasu biyu suka bi su. Na zare ɗaya don in gani, saiwar ta fito a narke tana wari, ta kai ƙasan leda ta lanƙwashe don ba ta da wurin zuwa.

Maigidana, wanda ba ya shiga harkar shukata, ya tsaya a kaina da butarsa a hannu ya ce, "Ke dai da kin bi yadda Baba ya ce."

Na taso masa kamar zan cinye shi. Na ce shi da ko albasa bai taɓa shukawa ba, me ya sani? Ya ce Allah ya ba da haƙuri, ya wuce masallaci. Na fi awa ina huci, kuma na san sarai ba da shi nake ba.

Baba yana kira duk Juma'a bayan an sauko. "Yaya 'yan amanata?" Ni kuma in ce suna nan lafiya. Ranar da suka rage biyar na ce suna nan lafiya. Ranar da suka rage uku ma haka na ce, har na ƙara da cewa ɗaya ta yi sabon ganye, wanda gaskiya ne, sai dai ban faɗi sauran ba. Duk lokacin da na kashe wayar sai in ji bakina ya yi ɗaci. Ina koya wa yara cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, ga ni da furfura ta fara leƙowa ina yi wa ubana ita mako-mako.

Da suka rage biyu sai tsoro ya kama ni sosai, na ce bari in koma maganar Baba. Amma ƙasar Baba tana kwata. Na je inda ake wani gini a layinmu na roƙi yashin kwaɓa siminti cikin bokiti. Na farke ledojin, na zare tsiron, na ji ƙaramin ƙas a hannuna lokacin da saiwar ɗaya ta tsinke. Na dasa su a yashin, kuma tunda inuwa ce ta cuce su, sai na kai su tsakiyar gida inda rana take wuni. Ban tsaya neman tsohuwar zana ba, ina sauri in gyara. Tsiron da ya yi wata biyu bai ga rana ba, na miƙa shi ga ranar ƙarshen bazara. Kafin la'asar ganyen ya yi laushi, washegari ya bushe ƙayau, ana murzawa yana zama gari. Garin neman ƙiba na samo rama, sau biyu kuma.

Na zauna a gaban bokitin na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina amarya. Sannan na share hawaye, Juma'a ta zo, na ce suna nan lafiya.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka, ya zauna. Baba ya kira ya ce ranar Laraba zai zo ya kwashe su. Na ce kada ya wahalar da ƙafarsa, ni zan zo ranar Lahadi. Na shiga motar Ajingi hannuna ba komai sai jaka, daga can na hau babur. Duk hanya ina tsara yadda zan faɗa. Na yi tunanin in ce akuyar maƙwabta ce ta shigo. Na yi tunanin in ce tsutsa ce. Har na zaɓi tsutsa, don akuya tana da mai ita.

A gida Innarmu ta ce yana gona tun da safe. Ta dubi hannuna, ta dubi fuskata. Na bi hanyar da na sani, gero ya kai idon sawu, ƙasa tana ƙamshin ruwa. Daga nesa na hango shi a kan jigawa, a durƙushe, yana jan ƙaya da sanda.

Ramuka tara ya haƙa. Ya jera su a gefen gawon da ke iyakar gona, kowanne zurfinsa ya kai gwiwa, kowanne ya kewaye shi da ƙayar magarya saboda dabbobi. Mutumin da sai ya dafa bango yake tashi daga tabarma. Ya ce kullum ɗaya yake haƙawa, in ƙafar ta matsa ya huta kwana biyu. Ya zaɓi gindin gawo ne saboda yanzu da damina ba shi da ganye, za su sha rana daidai, in rani ya zo kuma ya yi musu inuwa. Yana bayani yana murmushi, yana leƙen bayana ko mai babur yana tafe da kaya.

Tsutsar da na tanada ta gudu daga bakina. Na durƙusa a gabansa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa.

"Baba, babu ko ɗaya. Duk sun mutu."

Ya dube ni. "Yaushe?"

"Ta ƙarshe ta yi wata guda."

Na ga yana lissafin Juma'o'in a ransa. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige na ja ta na rufe. Na faɗa masa komai, baƙar ƙasa da taki da ledoji da mangwaro, da yashin gini da rana. Yana saurare yana gyaɗa kai kamar mai jin bayanin ciwon da ya riga ya sani.

"To ƙasar da na kai miki fa? In tana nan ko a ita ma a dace, wani lokacin iri yakan ɓuya a ciki."

Ban taɓa tunanin haka ba. Na tuna abin da ya rage a rariya, wanda na watsar a bola ban ko duba ba.

"Na soya gyaɗa da ita."

"Gyaɗa?"

"Ta suna. Wadda na aiko maka."

Ya ce, "Ta yi daɗi kuwa." Ba da gatse ya faɗa ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya dafa sandarsa ya miƙe, ya fara janye ƙayar daga bakin ramin farko. Ya ce gara a cike su kada saniyar wani ta karye a ciki. Na karɓi fartanyar, ni na cike duka taran, shi yana zaune a kan kututturen sanyar yana kallon gero. Ba mu ƙara maganar ba har na koma Gaya.

Da kaka na je gida hutun makaranta. Ina zaune a soro muna hira sai wata mata ta zo daga wajen Toranke, ta yi tafiyar ƙafa, tana neman haɗin da Baba yake yi wa masu ciwon gaɓoɓi, na mahaifiyarta. Baba ya buɗe zabira ya duba, ya rufe. Ya ce mata ta yi haƙuri, saiwar da ake haɗawa da ita ta ƙare masa, kuma ba shi da inda zai samo. Tun tasowata ban taɓa jin ya sallami mai neman magani hannu wofi ba. Bai dube ni ba lokacin da yake faɗa, ni ma ban iya duban matar ba.

Abin ya hana ni sakat. Ranar kasuwar Gaya na nufi layin masu sassaƙe da saiwoyi, na tambayi sanya. Mutum na biyu da na tambaya ya jawo wani ɗauri daga ƙarƙashin buhu, ya ɓalli ɗaya ya miƙo mini. Ƙamshinta kamar man zafi, ya bugi hancina har idona ya kawo ruwa. Ya ce daga nesa ake kawo musu yanzu, wajen kudu. Ban ko yi ciniki ba, na ce ya ba ni ɗaurin duka. A mota ina rungume da shi ina jin kamar na ɗan rage wani abu daga laifina.

Baba yana alwala na ajiye masa a gefen tabarma. Da ya idar da salla ya kwance igiyar, ya baza su. Ya ɗauki ɗaya ya shinshina, ya juya ta, ya gwada kaurinta da ɗan yatsansa. Ba ta kai yatsan ba. Ya nuna mini saman, inda aka datse kara daidai wuya.

"Uwata, wannan ba yankowa aka yi daga jikin babba ba. Kowace ɗaya da kike gani itace guda ce, aka tumɓuke ta gaba ɗaya. Ba wadda ta isa yin fure a cikinsu."

Na ce ban sani ba. Ya ce ya san ban sani ba. Ya ce zai yi amfani da su tunda an riga an kashe su, kada su tafi a banza, kuma zai aika wa matar nan ta Toranke. Amma in taimake shi kada in ƙara saya, domin duk ɗaurin da ya ƙare a kasuwa, gobe wani zai ɗauki diga ya koma daji.

Ya shiga tattara su ɗaya bayan ɗaya yana sawa a zabira, ni kuma ina ƙirgawa a zuciyata ba tare da na yi niyya ba. Waɗanda na kashe a gidana tara ne. Waɗannan goma sha huɗu ne.